Kiran Turi a Hanyar Kabo

Kwanakin baya na shiga mota daga Gwarzo zan je ta'aziyya Kabo, sai ta mutu mana a tsakiyar hanya. Direba ya fito ya buɗe gabanta, ya tsaya yana kallon injin kamar yadda uba ke kallon ɗan da ya gagare shi. Ni kuwa da tsufana sai na fara naɗe hannun riga, domin a sanina idan mota ta tsaya turi ne ke biye. Ina ɗaga kai na ga ni kaɗai nake wannan shiri. Kowa ya zaro wayarsa. Wannan yana kiran ɗan acaɓa, wancan yana gaya wa matarsa kada ta jira shi da abinci, wani saurayi kuma ya ja da baya yana ɗaukar motar hoto, wai zai nuna wa duniya halin da ƙasa take ciki. Kafin in gama da hannu ɗaya babura sun zo sun kwashe mutane, ba wanda ya ce wa ɗan'uwansa sai an jima. Aka bar ni daga ni sai direba, sai wata akuya da mai ita ya ce zai aiko a ɗauka. Na samu gindin darbejiya na zauna. Rediyon motar bai mutu ba, wasu mutane biyu suna ta sa-in-sa a ciki, ɗaya yana cewa gwamnati ta zuba dukiya a hanyoyi da layin dogo, ɗaya yana cewa akwai abin da ya fi wannan gaggawa. Sai na kama dariya ni kaɗai har direba ya waiwayo, don ni ma na taɓa yin wannan muhawara, kuma a kan wannan hanya na yi ta.

A zamaninmu hanyar ba ta san kwalta ba. Jar ƙasa ce. Da rani ta yi kunya-kunya kamar gonar dankali ta girgiza wa mutum hanji, da damina ta narke ta zama kunu. Mota ɗaya ce ke bin ta a kai a kai, wata tsohuwar roka mai bodin katako, ita ma sai ranar kasuwa. Tun tana nesa ake jin ta. Da farko gurnani ne can ƙasa-ƙasa kamar hadari na haɗowa, sai ƙarar sarƙar ƙofar baya, sai hon ɗinta mai kama da kukan jakin da mura ta kama. Mata na jin haka sai su jingine taɓarya su hau kiran kaji su bar bakin hanya, mu kuma mu yar da tulu ko igiyar akuya mu ruga kallo, mu dawo mu sha faɗa. Ba a cewa za ta tashi ƙarfe kaza. Tana tashi idan ta cika, tana isa idan Allah ya yarda. Wanda zai je Kabo sai ya yi sallama da gida sosai, a yafi juna, a ƙulla masa ƙuli-ƙuli da dafaffiyar gyaɗa a ƙyalle, a raka shi har tasha ana yi masa addu'a. Yau jikokina suna zuwa Kabo su dawo tuwon rana bai huce ba, kuma su zube a tabarma su ce hanya ta gajiyar da su.

Ni a lokacin yaro ne marar magana. Ba rashin abin faɗa ba ne. Maganar tana nan cike da kaina, a jere, kowace a wurinta, amma idan ta taso ta iso maƙogwaro ta hangi mutane sai ta koma. In aka aike ni sayen gishiri, sai in tsaya gaban mai tebur ina jiran ya gane da kansa. In baƙo ya yi sallama a zaure, ni ina bayan rumbu da littafi. Ayyukan da nake so su ne waɗanda mutum ke yi shi kaɗai: yankan ciyawa, ba tumaki dusa, sharar turke. Har korar tsuntsaye a gonar gero aka daina tura ni, domin tsuntsayen sun gane ba na ihu. Sukan sauka kusa da ni su ci su ƙoshi, ni ina karatu, su suna kiwo, ba mai takura wa wani.

Baba manomi ne, yana kuma taɓa fataucin hatsi. Dalili ɗaya ya sa ya kai ni boko: yana son gidanmu ya samu wanda zai tsaya gaban mutanen ofis ya yi magana gwiwarsa ba ta rawa. Ya gaji da tsugunawa gaban yaran da ya girme wa iyayensu don kawai suna da alƙalami a aljihu. Wata rana malamin gona ya zo gidanmu maganar taki, Baba ya kira ni da alfahari, ya ce ga ɗan makarantarmu, ku yi magana irin taku. Mutumin ya tambaye ni ajina nawa. Na san amsar sarai. Na dubi yatsun ƙafata, na dubi takalminsa, na sake duban yatsuna, har ya gaji ya juya ya ci gaba da magana da Baba. Da ya tafi Baba bai doke ni ba, bai ma ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Kawunka na Sabon Birni yana neman wanda zai koya wa ɗinki," in ji shi. "Keken ɗinki ƙafa take so, ba ruwanta da baki. Da an yi hutu za ka koma can."

Ranar ban ci tuwo ba. Ba ɗinkin nake ƙi ba, Kawu mutumin kirki ne. Amma a makaranta akwai wani ɗan kabad na littattafai da ban kai ko rabinsa ba, kuma na san babu irinsa a shagon Kawu.

Wanda ya shiga tsakani shi ne malaminmu na Hausa, wani gajeren mutum mai saurin tafiya, wanda ko gaisuwa ka yi masa sai ya nemi hujjarka. Ya lura kwana biyu ina zaune kamar an jiƙa ni, ya tsare ni har na gaya masa, rabi da baki rabi da kai. Da yamma sai ga shi a ƙofar gidanmu da kekensa. Ina leƙe ta bayan zana suka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi gona, aka tambayi ruwa, aka tambayi gajiya, aka sake komawa kan gida. Sannan Malam ya ce za a yi muhawara tsakanin makarantarmu da ta Kabo, da Hausa za a yi don iyaye su ji, kuma ni ya zaɓa in tsaya wa Gwarzo.

Baba ya dube shi. "Malam, wannan yaron nawa kake nufi, ko akwai wani? Wannan ko atishawa a ɓoye yake yi."

"Baba, duk abin da masu surutun ajin suke faɗa, shi yake rubuta musu. Kansa a cike yake."

"Rumbu ma a cike yake, amma in ba ƙofa yunwa za ta kashe mu. To na ji. Ni da ƙafata zan bi ku Kabon, in tsaya a can bayan taro. In na ji muryarsa daga inda nake, ya ci gaba da karatu. In ban ji ba, muna dawowa sai Sabon Birni, kuma kada ka sake gajiyar da kekenka."

Batun muhawarar shi ne ko ya kamata gwamnati ta ƙara zuba dukiya wajen gina hanyoyi da gadoji da layin dogo a faɗin ƙasa. Da karan dawa aka raba ɓangare, mai dogo ya goyi baya, mai gajere ya yi adawa. Malam ya dawo daga wurin rabon yana tura kekensa a hankali, tun daga nesa na san gajere ya zaro. Mu ne za mu ce kada a gina hanya.

Na rasa inda zan fara. Duk wanda na sani kukan hanya yake yi. Ga shi ba zan iya zuwa majalisar dattawa in yi tambaya ba. Mutum ɗaya nake iya magana da ita ba tare da harshena ya yi nauyi ba, ita ce Kaka, mahaifiyar Baba. Na same ta a inuwar ɗakinta tana kaɗi, mazari na juyawa a cikin ɗan kasko, na zauna na gaya mata matsalata.

"Wai ka rasa abin da za ka ce a kan hanya? Kai, wannan miji nawa, ga ƙaton kai ba wayo. Matso in gaya maka. Zakarana ja, wa ya take shi? Mota. Ƙanen ubanka da ya tafi kudu ya ce wata biyu zai yi, ga shi har na zubar da haƙora bai dawo ba, me ya ɗauke shi? Da ƙafa ce da ya gaji a Garo ya juyo. Geron da muke nomawa, da a nan yake kwana, yanzu mota ta kwashe shi ta kai wa waɗanda ba su san kalar fartanya ba, mu mu saya da tsada. Ɓarawo kuwa, in da ƙafa ya zo, akuya ɗaya zai ja. Ka gyara masa hanya ka ga yadda garke yake tafiya."

Na kwashe duka. Na ƙara da nawa da na tsinta a littattafai da kuma abin da idona ya gani: cewa garin da ba shi da rijiya mai kyau ruwa yake nema kafin kwalta, cewa ɗakin shan magani babu magani a ciki, cewa ajinmu na yoyo, cewa taki ba ya isa. Na jera su, mai nauyi a gaba, mai ban dariya a tsakiya, mai taɓa zuciya a ƙarshe. Malam ya taɓa ce mana mai muhawara na ƙwarai kamar maƙeri yake, wuri ɗaya yake ta duka, don haka kowace hujja na rufe ta da jimla guda: "Saboda haka, hanyar da muke da ita ta ishe mu." Na haddace jawabin tsaf, har inda zan ja numfashi na sani. Kullum da hantsi in je turke in karanta wa awaki. Su dai ba su taɓa katse ni ba.

Inna kuwa nata yaƙin a kan kayan makarantata ta yi shi. Fararen riga da wando ne. Ta wanke, ta sa bula, ta sa sitaci, ta aro dutsen guga na gawayi a maƙwabta ta goge su har suna iya tsayuwa ba ni a ciki. Da safiyar tafiya ta riƙe kunnena ta ce ko ƙuda ne ya sauka a kan rigar nan in dawo mata da bayaninsa.

An yi ruwa da asuba kamar da bakin ƙwarya. Duk da haka roka ta cika: buhuna a ƙasa, mutane a kan buhuna, kaji a kan mutane. Aka sa ni tsakanin Baba da Malam, Malam ya shimfiɗa mini hankicinsa a kan buhu. Gabanmu akwai wani ƙaton mahauci mai zuwa sayen dabbobi, muryarsa kamar ana buga ganga, da wata dattijuwa da ta rungume ƙwaryar ƙwan zabi a cinya, duk ramin da muka faɗa sai ta yi salati ta leƙa ƙwaryar. Ni ban ga komai a hanyar ba, ina ta bitar jawabi a zuci. Mun wuce Garo da kaɗan muka gangara wani kwari da ruwa ya kwanta a ciki. Direba ya ƙara wuta, motar ta shiga da ƙarfinta, ta yi tangaɗi hagu, ta yi dama, ta yi wani nishi, ta zauna. Tayoyin baya suka yi ta juyawa suna watsa taɓo, ita kuwa sai ƙara nutsewa take yi.

A nan sai in yi wa yaran yanzu bayani, domin turin mota a wancan lokaci aiki ne mai ƙa'ida, kamar gayya. Mata da tsofaffi su sauka su koma kan tudu. Duk sauran maza su tuɓe manyan riguna su shiga taɓo, ba a duban wane ne kai. Na ga mai unguwa yana turi kafaɗa da kafaɗa da mai tallan goro. Karen mota yana tsugune da weji, wani guntun katako, duk ɗan motsin da aka samu ya cusa shi bayan taya kada ta koma. To amma direba yana can gaba ba ya ganin masu turi, su ma ba sa ganinsa, ga ƙarar inji. In ya taka totur su ba su shirya ba, sai taɓo ya wanke musu fuska a banza. In sun yunƙura shi bai taka ba, sai ƙarfinsu ya tafi a iska. Don haka dole a samu mutum guda a waje, inda kowa zai ji shi, ya yi kiran turi. Yana jan magana ko waƙa, yana ɗagawa, yana ɗagawa, idan ya kai ƙarshe masu turi su amsa da ihu gaba ɗaya, direba na jin ihun ya taka. Kuma wannan aiki na namijin da bai shiga taɓo ba ne. Ba a zaɓe, ba a roƙo. In ka tsaya a busasshiyar ƙasa da lafiyarka, to kai ne.

Na fara cire takalmi zan shiga, Malam ya damƙe hannuna. "Kai da fararen kaya? Ka isa Kabo kamar kifin tabki? Koma can." Ya naɗe wandonsa ya faɗa ciki, taɓo ya kai masa kusan ƙirji saboda gajartarsa. Baba ya miƙa mini babbar rigarsa ya bi shi. Na tsaya a gefe ina jin daɗin an manta da ni, sai direba ya leƙo ta taga ya ƙare wa tudu kallo. Mata, wani tsoho mai tari, sai ni.

"Kai ɗan boko! Hau surin can ka ba mu kira!"

Na waiwaya ko akwai wani ɗan bokon a bayana. Babu. Na hau surin. Daga sama na ga bayan mutane a jere, kafaɗu manne da katako, duk sun juyo da fuska suna jirana. Na buɗe baki. Kwaɗi suna kuka a cikin ciyawa, inji yana gurnani, ni kuwa ko iska ba ta fito ba.

"Yaro, sai mun yi tsiro a nan?" in ji mahauci. "Ɗan wa ye wannan?"

Na ga Baba ya sunkuyar da kai ya kafa goshinsa a jikin katako. Wannan sunkuyawar ta fi mini zafi a kan duk abin da mahauci zai faɗa. Ban san waƙa ko ɗaya ba, ban taɓa yin kirari ba. Sai Malam ya ɗago daga cikin taɓo ya ƙwala mini kira.

"Rufe idonka! Faɗi duk abin da ke kanka!"

Abu ɗaya ne a kaina. Na rufe ido, na tuna awakina, na ja numfashi a inda na saba ja.

"Ya shugaban wannan zama, alƙalai masu adalci, mai kula da lokaci, abokan hamayyata, jama'a masu sauraro, assalamu alaikum!"

Wasu suka amsa sallamar, don ba a ƙin amsa sallama ko a cikin taɓo. Na ji mahauci yana tambaya wane ne shugaban zaman. Muryata ta ba ni mamaki, siririya ce amma tana tafiya, kamar usur.

"Na tsaya a gabanku ne domin in tabbatar muku cewa bai kamata gwamnati ta ɓata dukiyarta wajen gina hanya ba!"

Ni dai ido a rufe, na riga na hau, ba wurin sauka. Na kawo hujjar rijiya, na bi ta daki-daki yadda na tsara, murya tana ƙara hawa, na kai ƙarshe na buga: "Saboda haka, hanyar da muke da ita ta ishe mu!"

"Ƙarya ne!"

Gaba ɗaya suka faɗe ta, da wata irin murya da ban taɓa jin mutane sun yi ba. Direba na jin ihu ya ɗauka alama ce, ya taka totur. Su kuma haushi ya riga ya cika musu ƙirji, ba inda za su kai shi sai jikin mota. Roka ta yi ƙara ta motsa kamu guda. Karen mota ya cusa weji yana ihu, "Ta motsa! Wallahi ta motsa!"

"Ci gaba!" in ji Malam, yana tofar da laka. "Hujja ta gaba!"

Na buɗe ido. Abin mamaki, fuskokin da suka fusata ba su ba ni tsoro kamar fuskokin da ke jira ba. Na kawo zancen gero da tsadarsa. Dattijuwa mai ƙwan zabi ta taso daga kan tudu da ƙwaryarta, ta tsaya a gindin surin tana nuna ni da baki.

"Ɗan nan, ka ji tsoron Allah! Ƙwaina uku suka fashe tun daga Gwarzo, kana cewa ta ishe mu? Uwarka ta san abin da ake koya maka?"

A ƙa'idar muhawara ba a amsa wa 'yan kallo, don haka ban kula ta ba. Na rufe hujjar da jimlata. Ihu ya tashi, inji ya amsa, mota ta ƙara gaba. Na kawo ɓarawo da garke. Na kawo zakaran Kaka, har da launinsa. A nan mahauci ya rantse cewa in ya fito sai ya rataye ni a ƙugiya kamar cinyar saniya, aka yi dariya, aka yi ihu, aka tura. Kafin in kai tsakiyar jawabin sun gane inda jimlar take zuwa. Da na ce "Saboda haka" sai in ga kafaɗu sun gyara zama, ƙafafu sun kafe, suna jira in ƙarasa su ƙaryata ni. Har Baba na hango bakinsa a buɗe yana ƙaryata ni tare da jama'a. Ina cikin hujjar ƙarshe, ta ƙanen Baba da hanya ta ɗauke, roka ta yi wani kuka ta fizge kanta ta haye tudu, rabin masu turi suka kife a taɓo. Ni kuwa tunda ban gama ba sai na ƙarasa, na gode wa alƙalai da mai kula da lokaci, sannan na sauko.

Mahauci ya nufo ni, laka tun daga gashin kai har ƙafa, idanu kawai ake gani. Na ce yau kwanana ya ƙare. Ya ɗaga ni sama kamar ɗan akuya, ya rungume ni a ƙirjinsa yana dariya har da hawaye. "Shekara nawa ina turi a kwarin nan, ban taɓa jin kira mai sa zuciya tafasa irin wannan ba!" Da ya ajiye ni na dubi rigar Inna. Ba sauran bayanin da zan iya kai mata.

Sauran tafiyar muhawara ce ta gaske, ba shugaba ba mai kula da lokaci. Mai ƙwan zabi ta ce ƙanwarta a kan jaki aka ɗauke ta tana naƙuda, ba su kai asibiti ba, don haka kada wanda ya sake gaya mata zancen zakara. Sai tsoho mai tari ya ce shi ya je asibitin a mota lafiya lau, ya tarar ba magani, ya dawo da tarinsa, to hanyar me ta yi masa? Mahauci ya ce a yi hanya, magani zai biyo ta. Tsoho ya ce ɓarayi ma za su biyo ta, yaron nan bai yi ƙarya ba. Wani ya ce shi jirgin ƙasa yake so ya gani ya ratsa ta bayan gidansa kafin ya mutu, aka ce masa ya fara samun keke tukuna. Kowa in ya kawo tasa sai ya juyo ya ce, "Ko ba haka ba, ɗan boko?" Ni kuma, abin da ban taɓa yi ba, ina amsawa. Har yau in na ji masu ilimi suna wannan gardama, ban ji sun wuce inda mai ƙwan zabi da tsoho mai tari suka tsaya ba. Ita tana da gaskiya, shi ma yana da ita, kuma su biyun a mota ɗaya suke.

Mun shiga Kabo bayan la'asar. Muka tarar da makarantar a rufe, ana kwashe bencina. Maigadi ya ce an jira mu har aka gaji, alƙalai suka ba Kabo nasara tunda Gwarzo ba ta zo ba. Malam ya tsaya da laka tana bushewa a jikinsa tana tsattsagewa, ya ce wato masu cewa a gina hanya sun ci mu ko baki ba su buɗe ba. Ni ban ga abin dariya ba. Sharaɗin Baba a Kabo ne, a gaban taro, ga Kabo, ba taro. Tun da muka fito daga kwari kuma bai ce mini uffan ba.

Muka je bakin wata rijiya kusa da masallaci don mu wanke jiki mu yi salla. Ina jawo guga ina zuba musu. Baba ya wanke fuska, ya wanke ƙafa, ya tuɓe 'yar shararsa yana ɗauraye ta a hankali. Malam ya yi gyaran murya.

"Baba, ka ga dai abin da ya faru ba laifin yaron ba ne. In da za ka ƙara masa ko da zango ɗaya, akwai wata muhawarar da za a yi bayan..."

"Malam, huta," in ji Baba. "Na ce in ji muryarsa daga bayan taro. Na ji ta daga bayan mota, inji yana kuka a kunnena. Mutanen Garo ma ina jin sun ji."

Guga ya kusa kuɓuce mini.

"Amma ba wannan ne ya sa na fasa ba." Ya ɗago ya dube ni, irin kallon da yake yi wa buhun hatsi kafin ya taya. "Yaron da zai hau tudu da fararen kaya, ya dubi ubansa a cikin taɓo har ƙugu, ya ce masa hanyar nan ta ishe shi, ya maimaita, ya sake maimaitawa, ko kunya babu, Malam, wannan ai ba tela ba ne. Gwamnati aka haifa mini a gida ban sani ba. A bar shi ya ƙarasa karatunsa, kada in yi wa ƙasa asarar ma'aikaci."

Malam ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Baba kuwa ko murmushi bai yi ba. Ya miƙo mini jiƙaƙƙiyar rigar.

"Ungo, ranka ya daɗe. In ba za a ce na raina hukuma ba, a taimaka a matse mini wannan."